Goran Inna Ige a Kwamin Wankan Alhaji Manu

Ku yaran yanzu, in kuka leƙo ta ƙofar baya kuka hango ni tsaye a bakin kwamin wanka da doguwar raga a hannu, sai ku ce wannan tsoho ya tsinci banza. Ga inuwa, ga ruwa shuɗi shar, ga kujerar mai gida in ba ya nan. Kwanakin baya ma wani cikinku ya tare ni a bakin kasuwa wai in ɗauke shi aiki, ai kwashe ganye ne kawai. Na ce masa haka ne, kamar yadda noman shinkafa yake watsa iri ne kawai, mutum ya koma gida ya jira buhu. To ku zauna ku ji.

Aikin farko da aka fara ba ni a sana'ar nan shi ne goge layin datti. Duk kwamin da ake shiga, daidai inda ruwa ya tsaya a jikin tayil akwai wani baƙin layi da yake zagaye shi, na man shafawa da gumi da sabulun da mutane ba su ɗauraye ba. A lokacin ina sharar tsakar wani otal ne a Argungu, mai kula da kwamin kuwa wani Bazabarme ne, Malam Hasumi, wanda ya koyo aikin a Yamai. Ya miƙo mini burushi da soso ya ce in durƙusa. Haka na yi ta zagaye kwamin nan da gwiwa cikin zafin bazara, har gwiwoyina suka yi kanta irin ta raƙumi. In na ce na gama, ba ya ko duba layin. Sai ya zaro ƙaramin cokalin shayi daga aljihu ya jefa a wurin da ya fi zurfi, ya ce, "Sani, duba mini. Cokalin nan a kife yake ko a buɗe?" In na tsaya ƙifta ido ina hasashe, to ruwa bai yi ba, a sake. In na faɗa daidai, ladana shi ne in nutsa in ɗauko masa cokalinsa, don da shi zai sha shayi.

Sai da damina ta zo ta wuce sannan ya bari na taɓa bokitin magani, wato farin garin nan kulorin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi. Ranar da ya buɗe mini murfin, na kai hanci kamar mai sayen daddawa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, ido yana ruwa, hanci yana ruwa, Malam Hasumi kuwa yana tsaye yana jiran in gama tari. Da na gama ya ce, "Yauwa, kun gaisa." Daga nan ya koya mini dokokinsa. Magani ake kai wa ruwa, ba a kai wa magani ruwa. Ba a haɗa magani biyu a bokiti ɗaya ko da mai gida yana tsaye yana gaggawa. Da yamma ake zubawa, don ranar ƙasarmu tana shanye shi kafin ya yi aiki. Sannan kullum da safe a ɗebo ruwa a 'yar kwalbar gwaji mai ɓangare biyu a ɗiga mata ruwan awo. In ya yi ɗorawa-ɗorawa, magani ya isa. Ɗaya ɓangaren kuma in ya yi ja da yawa, gobe yaran gida za su tashi da jan ido, uwarsu kuma ta tashi da sunanka a baki.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai raga mai dogon hannu, akwai burushin bango, akwai tiyo mai kan tsotsa da ake ja a hankali a ƙasan kwami. In ka ja shi da garaje dattin ya tashi, ka koma jiran ya kwanta. Uwa uba akwai injin da yake juya ruwa ya bi ta cikin wata ƙatuwar tukunyar yashi ya fito a tace. Wannan inji shi ne zuciyar kwami. Ya tsaya a lokacin zafi, kafin mako ya zagayo gansakuka ta kama bango, ruwa ya koma kamar miyar kuka. Abokan gaba kuwa ba sa ƙarewa: ganyen dogon yaro, kashin jemagu daga bishiyar mangwaro, ƙwarin nan shinge masu tashi bayan ruwan farko, sai kwaɗi. Kwaɗo ba ya tambayar gidan wa ne. Shi dai ya ga ruwa ya kira danginsa.

Da na baro otal na dawo Birnin Kebbi, na riƙa zagaya gidajen masu hali a kan babur, raga a ɗaure a baya kamar mai zuwa su a gulbi. Na ga masu gida iri-iri. Akwai wanda zai nuna maka hoto a waya ya ce irin wannan shuɗin yake so, alhali nasa tayil ɗin fari ne. Akwai gidan da na tarar an jiƙa barguna a ciki da garin sabulu, kumfa har kan ciyawa. Akwai inda ragon layya ya tsinke ya faɗa, muka fito da shi ya yi fari tas, mai gida ya ce ko kasuwa aka mayar da shi sai ya ƙara daraja. Amma gidan da na fi daɗewa, wanda kuma nake so in ba ku labarinsa, shi ne gidan Alhaji Manu.

Alhaji Manu mutumin Gulma ne, ɗan kasuwar shinkafa da albasa, ƙato, mai yawan dariya. Ya ga kwamin wanka a wani masauki da ya sauka a Abuja, ya dawo ya sa aka haƙa masa a bayan gida. Shekara da shekaru ina kula da kwamin nan, ban taɓa ganin ko ɗan yatsan ƙafarsa a ciki ba. 'Ya'yansa sun shiga da ɗoki da farko, suka girma suka watse makarantu. Shi kuwa kullum bayan la'asar sai a kawo masa kujera a ajiye nesa da baki, ya zauna da shayi yana kallo. In ya yi baƙi ya kawo su su gani. Wani baƙo ya taɓa tambayarsa ko yana shiga, ya ce, "Ni? Ai kallo nika yi. Wanda ya sai agogon bango shiga ciki yake yi?"

Sai mummunar shekara ta zo. Gulbi ya yi ambaliya ya cinye shinkafar fadama tun daga Zauro har Ambursa, har da wadda Alhaji ya dogara da ita. Ba a gama wannan jaje ba, wata safiya ya faɗi a ƙofar shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka tafi da shi asibiti Sakkwato, uwargida ta bi shi jinya. A tsakanin nan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone injin kwami. Babban ɗansa Nasiru, wanda ya karɓi ragamar gida, ya ce mini gaskiya yanzu ba ta inji ake yi ba, in ɗan dakata da zuwa. Ban ga laifinsa ba. Na ɗauki ragata na tafi.

Watanni suka wuce, sai ga Nasiru ya zo har gida nemana. Ya ce an sallamo Alhaji, yana zaune a keken marasa lafiya, magana tana fita da ƙyar, ƙafar dama ba ta ɗaukarsa. Likitan gashin ƙashi da yake zuwa gida yana motsa masa jiki ya leƙa baya ya ga kwami, ya ce ai ga magani nan kwance. In za a riƙa sa Alhaji cikin ruwa iya ƙirji yana takawa, ruwa zai ɗauke masa nauyin jiki, ƙafar ta samu ta koyi tafiya. Nasiru ya ce, "Malam Sani, ni da har na yi magana da mai tipa a cike ramin nan da ƙasa, mu huta. Amma in kana ganin zai gyaru, a gwada. In bai yi ba a cike."

Na isa gidan na tarar da abin da ban taɓa gani ba a sana'ata. Ruwa ya yi kore har ya fara baƙi, a bakinsa kuma ga wata tsohuwa 'yar firit zaune a kan tabarma tana watsa dusa a ciki, ruwan yana ta motsi. Ita ce Inna Ige, yayar Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aka ɗauko daga Gulma ta riƙe gida lokacin da ake asibiti. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ta dubi ragata.

"Kai ne mai wankin ruwan? Ni dai tun da nike ban taɓa jin inda ake wanke ruwa ba sai gidan ga."

Na ce, "Inna, mi ke motsi ciki?"

Ta ce, "Tarwaɗa. Na iske tabki zaune ba shi aikin komi, na aika Gulma anka kawo mini 'yan ƙanana. Ka gan su nan, sun yi ƙiba, ba su taɓa sa ni magana ba."

Na yi mata bayanin abin da likita ya ce. Ta dubi kifinta, sannan ta ce in dai don ƙafar Manu ne, a kwashe su. Amma ta ƙara da cewa, "Wahala kawai za ka sha, ɗan nan. Manu ba shi shiga ruwa. Tun shina yaro jirgi ya kihe da mu a gulbi, ni na jawo shi da kunne. Tun ran nan ko kwalbati za shi ƙetara sai ya yi addu'a. Shi ya sa babanmu ya hana shi su, ya tura shi saida albasa." A ranar na gane dalilin ajiye kujera nesa da baki.

Kwashe ruwan nan shi ne aiki mafi daɗi da mafi ƙazanta da na taɓa yi. Tunda injin gida ya ƙone, na hau babur na tafi Ambursa wurin wani abokina manomi na aro injin ban ruwa, tunda ambaliya ta bar shi ba aikin yi. Muka jefa tiyo, muka juya bakinsa lambun gida. Da ruwa ya sauko iya gwiwa, Inna Ige ta fito da homa, ragar hannun nan ta masunta, ta miƙa wa direba da mai gadi, ta tsaya a baki tana ba da umarni. Ku tuna ƙasan kwami tayil ne, ga gansakuka a kai. Direba ya taka ya tafi da baya. Mai gadi ya kai hannu ya taimake shi ya bi shi. Ni na cafko wata ƙatuwa ta soke ni da ƙaya a tafin hannu, na sake ta da salati. Maƙwabta suka cika katanga suna ihu. An turo Alhaji a kekensa ya tsaya daga nesa, sai muka ji wani sauti ya fito daga bakinsa. Uwargida ta rugo a tsorace, ashe dariya yake yi da rabin baki. An ce tun da ya faɗi ba a ji ta ba sai ranar. Unguwar nan kaf ta ci farfesun tarwaɗa.

Bayan kifi sai bango. Ba a barin kwami a bushe ya daɗe, tayil yana iya tashi, don haka na duƙufa da burushi ina kankare gansakuka layi-layi, na wanke da magani, na ɗauraye. Aka tayar da janareto muka cika daga rijiyar burtsatse, ruwan ya zo ja-ja kamar shayi. Nan na koma dabarar iyayenmu mata: na jiƙa alif a bokiti na zagaya ina yayyafawa, na hana kowa taɓa ruwan. Washegari dattin duk ya kwanta a ƙasa kamar tabarma, na zuƙe shi da tiyo a hankali. Wani mai gyaran injin fadama ya sake naɗa wayar injinmu ya tashi, yana kuka kamar babur mara salansa, amma yana juya ruwa. Na kira mai walda ya kafa bututun ƙarfe a gefen da ba zurfi don abin riƙewa. Da na gwada ruwa ya nuna daidai, na je na ce wa Nasiru nawa ya ƙare.

Ashe ban fara ba. Ranar farko muka turo Alhaji bakin matakala bayan la'asar, lokacin da rana ta ɗumama ruwa. Ya dubi ruwan, ya damƙe hannun keke da hannunsa mai lafiya, ya ce, "A'a." Likita ya yi lallashi, Nasiru ya yi, uwargida ta yi har da hawaye. Kalma ɗaya ce dai take fitowa, kuma ita kam tana fita sarai ba gargada. Haka muka yi ta yi kullum. Wata rana ya yarda aka sa masa ƙafa a matakalar farko, ruwa ya taɓa idon sawu, ya rufe ido yana karanto duk addu'ar da ya sani. Likita ya ja ni gefe ya ce in aka daɗe ƙafar za ta sandare, daga nan kuma ko ya shiga ba lallai ta amsa ba. Nasiru ya fara zancen mai tipa kuma.

Inna Ige tana kan tabarmarta tana kallonmu duk kwanakin nan. Sai wata safiya ta sa direba ya kai ta Gulma, ta dawo da azahar da wani ƙaton gora, irin wanda masunta suke kifa ciki a kai su yi iyo, ya yi baƙi don tsufa. Da aka turo Alhaji, ta ajiye masa shi a cinya.

"Ka gane shi?"

Ya shafa shi da hannu. Ya ce, "Na Baba."

"To goran ga bai taɓa nutsewa da kowa ba. Ya ɗauki Baba, ya ɗauki kakanmu. In ya nutse da kai a kwanon wanka, sai mu san kai ne ba ka da kirki."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta gyara ɗaurin zane, ta tattare hijabinta, tsohuwar nan ta taka matakala ta shiga ruwa har ƙirji kamar mai shiga ɗakinta. Ta juyo ta ce, "Ruwan ga ko rai ba shi da shi, warin asibiti kawai. Sani, kawo mini Manu."

Na ɗaura wa Alhaji rawani a ƙugu na riƙe bakinsa ta baya, ni da Nasiru muka sauko da shi matakala ɗaya bayan ɗaya. Ya rungume goran nan kamar za a ƙwace. Amma ya tsaya da ƙafafunsa, karo na farko tun faɗuwarsa. Ranar iyakar abin da aka yi ke nan. Washegari ya ja ƙafa kaɗan. A hankali ya fara bin bututun ƙarfe, hannu ɗaya a gora, ni ina baya da rawani, Inna tana gaba. Sai dai ko kusa ba ya yarda ya rabu da bango, kuma in ka taɓa goran sai ya yi maka wani kallo.

Ana nan wata la'asar, muna cikin ruwa, Inna ta dube ni ta ɗaga murya kamar mai ba da labari a kasuwa.

"Sani, na taɓa gaya maka yadda jirgin nan ya kihe? Manu ne ya miƙe tsaye wai za shi kama balbela."

Alhaji ya ce, "Ƙarya."

"Balbela tana sama, shi yana jirgi, ya miƙa hannu."

"Ke ce! Ke ce mai tuƙi!"

Ta ja da baya kaɗan zuwa tsakiya. "Ni? Ni da nike tuƙi tun ba a yaye ka ba?"

Ya saki bututu ya bi ta. "Kin kai mu kan kututture! Kowa ya sani!"

"Wa ya sani? Kawo shaida. Duk sun mutu."

Ta ƙara ja da baya, ya ƙara matsowa. Maganar da take fita da ƙyar sai ga ta tana zubowa, har da sunayen mutanen da suke bakin gulbi a ranar. Da gardama ta yi zafi ya ga hannu ɗaya ba zai ishe shi nuna ta ba, sai ya ture goran gefe ya ɗaga yatsa. Goran ya yi gaba abinsa. Na sassauta rawanin ya yi laƙo-laƙo a ruwa, amma ban sake shi ba, ina binsa a baya. Nasiru yana baki ya toshe bakinsa da hula. Inna tana ja, Alhaji yana bi yana faɗa, ƙafar daman nan tana ɗagawa tana sauka, har bayan Inna ya taɓa bangon ɗaya gefen. Ta matsa, ya kai hannu ya dafa tayil yana haki.

Sai a lokacin ya waiwaya. Ya ga kekensa can nesa, ya ga goran yana yawo shi kaɗai a wurin zurfi, ya ga rawanin kwance a kan ruwa.

Ya ce, "Wa ya ɗauke mini gora?"

Inna ta ce, "Kai ka yar da shi, kana tsakiyar yi mini ƙazafi."

Ya dubi faɗin ruwan da ya ratso, ya sake dubawa, sannan ya ce a hankali, "To yanzu wa za shi maida ni?"

Tana matse bakin hijabinta ta ce, "Ƙahwar da ta kawo ka."

Ya sake duban kekensa. Sannan ya ce mini, "Sani, riƙe rawanin da kyau, amma kar ka ja." Ya saki bango ya juya, muka kama hanya.